Sarkin Shiru da Jaɓar Lambunsa

Enno Remmers mutum ne da ko atishawa ta taso masa sai ya duba agogo kafin ya sake ta. Shi ne na shida cikin 'ya'ya takwas na wani maƙerin jiragen ruwa a garin Leer, gidan da uba ke dawowa rabin kurma saboda ƙarar guduma, don haka kowa sai ya ɗaga murya ko gishiri zai ce a miƙo masa. A wannan gida Enno ya tsani hayaniya tun bai iya ɗaura takalmi ba. Da ya girma sai ya zama mai raba wasiƙu, ya yi shekara talatin da takwas a kan keke, kuma mutanen unguwa sun shaida ko sau ɗaya bai taɓa kaɗa ƙararrawar keken nan ba. In ka tare masa hanya sai ya sauka, ya tsaya a bayanka ya jira ka gama hirarka.

A bayan layin dogo ƙungiyarmu ta masu lambu ke da lambuna sittin da biyu, kowanne da 'yar bukkarsa ta katako da shingen da bai wuce ƙugu ba. A wajenmu ba a sayen lambu. Suna ake rubutawa a takardar jira, sannan ka koma gida ka zauna har wani ya mutu ko bayansa ya gaza. Enno ya jira shekara shida kafin ya samu na goma sha huɗu, kuma ya riƙe shi shekara talatin da ɗaya. Karas ɗinsa da igiya yake ja musu layi. Albasarsa kuwa, in ka tsaya a farkon kunya, ɗaya tak za ka gani, sauran duk sun ɓuya a bayanta.

Shekararsa ta biyu aka nemi wanda zai riƙa kula da dokar shiru, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, Enno ya ɗaga hannu. Dokar ba wuya gare ta ba: daga ƙarfe ɗaya zuwa uku na rana ba ƙara, ran Lahadi kuwa tun safe har dare. Kafin Enno ana bin ta da sassauci, wato ana bin ta in an tuna. Da ya karɓa sai ya sayi takalmi mai tafin roba da ɗan littafin takardun gargaɗi, ya riƙa zagaya lunguna yatsa a leɓe. Ya rubuta wa mai yankan ciyawa, ya rubuta wa mai buga ƙusa, ya rubuta wa wata tsohuwa da butar shayinta ke fito. Maƙwabcinsa na lambu na goma sha biyar, Folkert, tsohon mahauci mai tumbi da muryar da ba ta san raɗa ba, shi ya laƙaba masa Sarkin Shiru, sunan kuma ya zauna daram. Gyara biyu Enno ya kawo wa dokokin ƙungiya, duka kuma da Folkert a ransa. Na farko, wanda ya tara takarda uku cikin shekara guda ya mayar da makulli. Na biyu, laifin baƙo na mai lambu ne, domin Folkert ya iya gayyato surukansa su yi masa waƙa sannan ya ce ai shi bai buɗe baki ba.

Matarsa Almut kuwa da dariya aka halicce ta. Ba irin ta rufe baki da hannu ba, irin wadda ke tasowa tun daga ciki ta sa kare haushi a layi na gaba. Tana cikin mabusan coci, kuma ita ke riƙe da ƙatuwar begilar tagulla, wadda sai an rungume ta ake busawa. Yadda aka yi waɗannan biyu suka auri juna, mu dai mun gaji da tunani mun bari. Amma sun yi, kuma zaman lafiya suke yi, in ban da abu ɗaya.

Wata Laraba, shekara goma sha tara da suka wuce, Folkert ya hau tsani zai gyara indararon bukkarsa. Tsanin ya zame, ya faɗo zaune cikin durom ɗin tara ruwan sama, ya maƙale, gwiwoyi a haɓa, hula na yawo a gefensa. Almut na tsinkar wake a lokacin, ta ɗago ta gan shi, ta kece da dariya har ta zauna a kan kunya. Ƙarfe ɗaya da minti goma ne. Enno ya tsallaka ya taimaka aka zaro Folkert. Da yamma ya rubuta takardar gargaɗi ga Almut Remmers, baƙuwa a lambu na goma sha huɗu, domin a lokacin ba a yi gyaran nan na biyu ba tukuna. Ya sa ta a ambulan, ya manna kan sarki, ya jefa a akwatin gidan waya. Layin gidansu kuwa cikin zagayensa yake. Washegari da safe ya jingine keke, ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa sanye da kayan aiki, ya miƙa wa matarsa wasiƙar ya nuna mata inda za ta sa hannu. Ta karanta har ƙarshe, ta sa hannu, ta tambaye shi ko zai sha shayi. Ya ce yana bakin aiki. Tun daga ranar ba ta sake taka lambun ba.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi yaji ba. In ya kawo karas ta dafa, in ya ce wake ya yi fure ta ce madalla. Shi kuma bai taɓa tambayarta ba, ya gaya wa kansa ciwon gwiwa ne ya hana ta, ya kuma yarda da kansa. A kan kantar bukkarsa akwai kofin shayi biyu, ɗaya yake sha da shi, amma duk Asabar biyun yake wankewa. Kusan duk shekara kuma, in sanyi ya fara sauka, wasiƙa kan zo wa Almut da tambarin ƙungiya. Shekaru da dama shi da kansa ya riƙa kawo ta. Ya ɗauka roƙon mabusa ake yi su zo bikin girbi, kuma mai raba wasiƙu ba ya tambayar abin da ke cikin ambulan.

To, bana cikin Afrilu jaɓar ƙasa ta sauka a lambu na goma sha huɗu. Enno ya zo da safe ya tarar da tsibin ƙasa baƙa, mai laushi, a tsakiyar layin karas. Ya baje shi. Washegari ya tarar da uku. Ita dai wannan 'yar makauniya mai hannuwa kamar shebur ba ta cin kayan lambu, tana ce abincinta, amma in ta bi ta ƙarƙashin kunya sai ta bar saiwoyi suna lilo a cikin rami, shuka ta yi yaushi ta kwanta. Dokar ƙasa kuma ta hana a kashe ta, ta hana a kama ta. Abin da aka yarda da shi kawai shi ne ka lallashe ta ta ƙaura. Ƙaurar kuwa zuwa lambun maƙwabci ce, amma wannan ba ma faɗarsa a fili. Enno ya ji daɗi da ya ga abokiyar gabarsa ma doka ta san da ita. Folkert ya rantse ya gan shi durƙushe yana karanta wa ramin sashe na huɗu na dokokin ƙungiya, amma Folkert yakan rantse a kan abubuwa da yawa.

Da kwalabe ya fara. Ana binne su a bakin ramuka, baki a sama, iska ta riƙa busawa ciki, kukan ya sauka ƙasa ya hana jaɓa sakat. Enno ba ya shan giya, sai ya je aro wajen Folkert, wanda ya fito masa da kwalba arba'in ya ce shekara da shekaru yana wahalar shanye su ne domin irin wannan rana. Iskar teku ba ta fashi a garinmu. Kwalabe suka kama kuka, jaɓa ta yi ɗif, Enno ya yi murmushi. Sai ya duba agogo ya ga sha biyu da rabi ta gota, ya tuna kukan kwalba ma ƙara ce. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana toshe musu baki da tsumma. Haka ya riƙa yi kullum, ya toshe kafin ɗaya, ya buɗe bayan uku, ran Asabar da yamma kuma ya toshe har sai Litinin. Ba a yi mako biyu ba jaɓa ta haddace tsarin. Da safe ba ka jin ɗuriyarta. Ƙarfe ɗaya da rabi sai ka ga ƙasa na motsi. Ran Litinin kuwa tsibi goma sha ɗaya ya ƙirga. Folkert ya ce a duk ƙungiya ba wanda ya san lokutan shiru kamarta, ya kamata a ba ta kujera a kwamiti.

Da ƙara ta ƙi, ya koma ga wari, tunda wari ba shi da lokaci a doka, ko haka ya zata. Ya samo tsamammen nono, da kawunan kifi daga kasuwar Laraba, da tafarnuwa, da gashin kare buhu guda daga wajen mai yi wa karnuka aski. Ya haɗa a bokiti, ya rufe, ya bar shi a rana kwana bakwai. Ranar da ya buɗe, tsuntsaye suka tashi daga kan wayar layin dogo. Ya ɗura a ramuka. Jaɓa ta toshe waɗannan hanyoyi ta haƙa sababbi, warin kuma da ya rasa hanyar ƙasa sai ya dawo sama ya bi iska lambu-lambu. Shugabar ƙungiya, Silke Bruns, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce mai sanyin hali, ta zo da hankici a hanci ta ce ya binne abin kawai a bar maganar. Enno ya tsaya ya yi tunani, ya ce ai sashe na tara ya yi magana a kan abin da ke cutar da maƙwabta, kuma bai ce ban da mai kula da shiru ba. Ya ara mata alƙalami, ya tsaya a kanta ta rubuta masa takardar farko, ya kuma gyara mata kwanan wata.

Ta biyu a watan Yuni ta zo, ranar awo. Dole kashi ɗaya cikin uku na kowane lambu ya kasance abin ci ne mai rai, kwamiti kuma kan zagaya da tef ɗin awo, wanda Enno ne ya ba ƙungiya kyautarsa. Aka zo nasa, karas a kwance, latas ya zurma rami, albasa ta watse ko'ina. Silke ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ƙirga na'a-na'a, ta ƙirga wata ciyawa da ta ce kakarta na miya da ita. Enno ya ce ciyawa ciyawa ce. Aka ja tef, ya gaza da kamu biyu. Aka ba shi takarda, aka ce za a dawo a sake awo Litinin ta farko a watan Agusta.

A nan ne tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Tun da ya ajiye aiki, lambun nan ne kaɗai wurin da ke sa shi ɗaura takalmi da safe. Ya kan tsaya a bakin ƙofa ya yi tunanin wani baƙon mutum riƙe da makullinsa, mai yiwuwa ma mai rediyo. Ya sayo dashen kabejin hunturu ya cika kunyoyi uku da shi, ya shayar, ya kakkafa masa sanduna. Kwana huɗu jaɓa ta kwantar da rabi.

Yana durƙushe yana tayar da su Folkert ya jingino tumbinsa a shinge.

“Ranka ya daɗe, Sarkin Shiru, ka san dalilin da ya sa ta zaɓe ka?”

Enno ya duba agogo, ya ga uku ta wuce, ba shi da hujjar hana shi magana.

“Jaɓar nan ba baƙuwa ba ce a nan,” in ji Folkert. “Wajena ta fara sauka bara, na yi mata waƙa kwana biyu ta tattara. Ta je wajen Silke ta tarar da rediyo. Kowa a nan yana da ƙararsa, jira muke ka sha kwana. Kai kaɗai ka gina mata masauki. In ma gaya maka gaskiya, maƙwabci, a shekara goma sha tara ita ce ta farko da ta shigo lambunka don tana so.”

Enno ya ci gaba da danna ƙasa a gindin kabeji. Maganar ta soke shi, domin ya duba ya rasa ƙarya a cikinta. Folkert ma ya ga ya wuce gona da iri, sai ya sassauta murya, wato ya dawo da ita daidai ta sauran mutane. Ya ce abin da jaɓa ta fi tsana ba kukan kwalba ba ne, ƙara ce mai kauri da ke girgiza ƙasa, kuma a duk garin nan ba wanda ke da maganin a gida sai Enno, yana nan cikin baƙin akwati a bayan ƙofar ɗakinsa.

Kwana uku Enno yana zagaya akwatin nan kafin ya iya buɗe baki. Ran Alhamis da la'asar, suna shan shayi, ya jira ta zuba kofi na biyu, sannan ya yi mata bayanin halin jaɓa, da awo, da takardu biyu, tiryan-tiryan kamar mai ba da rahoto. Almut ta saurara tana kallon madara na tashi a cikin kofinta.

“Zan zo,” ta ce. “Lahadi, ƙarfe ɗaya da minti goma.”

Ya ce mata ai Litinin ma rana ce, uku da minti ɗaya, ko Talata, ko duk ranar da ta ga dama da safe.

“Lahadi, Enno.”

“Almut, takarda biyu gare ni. Laifin baƙo na mai lambu ne.”

“Na sani. Na karanta dokar, an rubuta ta da kyau. Ko Lahadi, ko ka koma ka ci gaba da ba ta nono.”

Ya zauna ya auna, shayinsa na hucewa. In ba ta zo ba, jaɓa za ta ƙarasa kabejin, a karɓe lambu a Agusta. In ta zo, a karɓe shi ran Lahadin nan. Yana cikin wannan lissafi sai wani tunani ya shigo masa wanda bai gayyata ba. Almut ba ta taɓa ganin itacen tuffa da ya dasa a shekarar da ta biyo bayan wasiƙar ba. Ba ta ga bencin da ya yi a ƙarƙashinsa ba, mai ɗaukar mutum biyu. Ya ji yana so ta gani, so mai zafi, har ya fi tsoron rasa makulli. In dai lambun tafiya zai yi, to ta gan shi kafin ya tafi. Ya ce mata to.

Ran Asabar ya wuni yana gyara. Ya aske shinge, ya baje tsibi, ya goge benci, ya wanke kofuna. Da yamma ya bi kwalabe arba'in ya toshe su kamar kullum, ko da yake ya san abin da zai faru gobe.

Folkert ya riga ya kai labari kowane lungu. Ran Lahadi lambuna sittin da ɗaya duk da mutane, kowa ya sunkuya yana cire ciyawar da babu ita, ido na kan hanya. Ɗaya saura kwata sai ga Almut cikin baƙar rigar coci, tana turo begila a baro. Enno ya buɗe mata ƙofa. Ta ajiye baro, ta tsaya ta daɗe tana kallo, kunyoyi, bukka, kwalabe masu tsumma a baki. Ta ɗaga kai ga itacen tuffa ta tambayi shekarunsa. Ya ce goma sha takwas. Ta shafa jikin itacen.

Ya buɗe mata bakin rami mafi girma da shebur. Ta zauna a benci, ta rungumi begila, ta karkatar da bakinta a kan ramin. Ta tambaye shi lokaci. Shi da bakinsa ya ce ɗaya da minti goma.

Abin da ya fito daga begilar nan ba a kunne muka fara jin sa ba, a tafin ƙafa. Tagogin bukkoki suka yi ta rawa. Tsummoki suka yi tsalle daga bakin kwalabe, kwalabe arba'in suka amsa mata. Ƙasa ta riƙa feshi daga ramukan da Enno bai ma san da su ba, ɗaya har cikin lambun Folkert, a gindin kujerarsa. Ta fara da waƙar coci, a hankali, kumatu kamar za su fashe. Da ta ga abin ya karɓe ta sai ta juya zuwa kiɗan rawar biki. Enno na tsaye, hannuwa a baya, fuskarsa ta yi fari fat, yana kallon matarsa a kan bencinsa. Minti ashirin ta yi sannan ta cire baki ta goge gumi.

Wuri ya yi tsit. Mutane suka taho bakin shinge, Silke a gaba da jakarta. Ta ce ita dai ba ta ji komai ba, kunnenta na hagu ya daɗe yana ba ta matsala. Folkert ya ce jirgin kaya ne ya wuce, da idonsa ya gani. Tsohuwa mai butar shayi ta ce ita ta ɗauka hadari ne. Enno ya dubi fuskokinsu. Ba ɗaya a cikinsu da bai taɓa rubuta wa takarda ba, ga shi sun buɗe masa ƙofa su duka, sun kau da kai don ya wuce. Ƙwalla ta cika masa ido. Amma Enno ne. Ya zaro littafinsa, ya ɗora a gwiwa, ya rubuta suna, da lambar lambu, da lokaci, a wajen laifi kuma ya sa busa begila cikin rami ranar Lahadi. Ya sa hannu a wajen mai gargaɗi, ya sake sa hannu a wajen wanda aka gargaɗa. Ya ciro makulli daga aljihu ya haɗa da takardar da littafin ya miƙa wa Silke.

Folkert ya ce shi bai taɓa ganin jaki irin wannan ba, ya juya baya yana fyace hanci.

Silke ta yi ajiyar zuciya. Ta ce tunda haka ne, doka ta ce lambu ya koma hannun wanda ke kan gaba a takardar jira. Ta buɗe jaka ta zaro takardar, domin tun Juma'a aka roƙe ta ta zo da ita. Ta sa tabarau ta karanta. Sunan farko ya tsufa har tawadarsa ta koɗe: Almut Remmers. An rubuta shi shekara goma sha tara da suka wuce, ranar wata Alhamis. Sau goma sha ɗaya lambu na fitowa a yi mata tayi, tana mayar da amsa cewa ba wannan ba, a ba na bayanta.

Enno ya dubi matarsa. “Wasiƙun nan na kowace shekara…”

“Da hannunka ka riƙa kawo mini su.”

“Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

“Ba ka tambaya ba. Ko dalilin da na daina zuwa ba ka tambaya ba.” Ta karɓi makulli daga hannun Silke ta juya shi a tafinta. “Dariyar da ka hana ba ita ta dame ni ba, tsohona. Baƙuwa ka rubuta. Ni da na haƙa kunyoyin nan tare da kai. Sai na ce ba zan dawo nan ba sai da makulli. Na san dokarka za ta ci ka wata rana, ban dai zata sai na yi furfura ba.”

Ya ce mata ya yi kuskure, da ƙaramar murya, kuma wannan karon ba don agogo ba. Ta ce ta ji. Ta matsa gefe a kan benci, ta ce zai iya riƙa zuwa kullum in yana so, akwai kabeji da ke neman mai tayar da shi. Amma ya kiyaye, domin laifin baƙo na mai lambu ne, ita kuma ba ta son takarda.

Ya zo zai zauna ke nan sai ƙasa ta motsa a gabansu, tsakanin ƙafarsa da begila. Ta kumbura, ta tsage, ta turo baƙin tsibi sabo ful, kabeji ɗaya ya karkata a hankali ya kwanta. Jaɓa ko a jikinta, wataƙila ma kiɗan ne ya ƙara mata ƙarfin aiki. Almut ta dubi tsibin, ta dubi mijinta, dariyar nan ta taso mata tun daga ciki. Folkert ya kama, Silke ta kama, har tsohuwa mai buta. Wani kare ya fara haushi can bayan layin dogo.

Biyu saura minti goma, ranar Lahadi. Yatsan Enno ya tashi da kansa ya nufi leɓe, ya kai rabin hanya, sai ya tuna ba shi da lambu, ba shi da littafi, ba shi da wanda zai hana. Ya sosa hanci da shi. Ya shiga bukka ya ɗora buta, ya bar ƙofa a buɗe don ya ji dariyar da kyau. Ya sauko da kofunan nan biyu, na biyun ma bai bukaci wanki ba, jiya-jiya ya wanke shi.